Aron Ruwa

Ba a tatsuniya da rana, in ji Iya Tasalla.
Tawa da asuba ta fara,
ran da na sauko da ƙafa a ɗakinmu na Mandawari
na ji siminti sharkaf da ruwa.

Tsakiyar bazara ce fa.
Famfo ya manta aikinsa tun bara,
'yan ga-ruwa sun ƙara hamsin a jarka.
Amma ga sawu, sha ɗaya na ƙirga,
daga bakin ƙofa zuwa gindin katifata,
a cikin na ƙarshe, ɗanyen ganyen kainuwa.

Na yagi bayan littafin lissafi
na rubuta waɗanda nake zargi:
Mudan ƙanena, sarkin tsokana,
kyanwar maƙwabta, randar tsakar gida.
Mudan ya rantse har ya yi kuka.
Randa ba ta tsage ba.
Kyanwa kuwa tun ranar ta daina kallona,
in na doso sai ta bi ta katanga da guduwa.

Dare na biyu na barbaɗa toka a dokin ƙofa.
Na uku na jingina waya tana ɗauka,
da safe hoton duhu ne zalla,
sai kukan kwaɗi, dubu ko fiye,
a unguwar da ko kwata ta bushe,
can ƙasa-ƙasa wata murya
tana jan sunana kamar guga: Ruwaida, Ruwa.

Na je wurin Malam Na'iya mai gyaran agogo,
wanda ya girmi duk wani bulo a layin.
Bai ɗago ba. Ya ce, "Gidanku?
Kududdufi ne da, mai zurfin gaba uku.
Shara aka zuba masa shekara tara,
aka yanka fuloti, aka sa hannu.
An biya dillali, an biya mai awo.
Shi ne kaɗai ba a tambaya ba,
kuma ban san shi da mantuwa ba."
Agogunan shagon duk suka tsaya.
Ya ce, "Je ki, 'yata, rana na faɗuwa."

Iya Tasalla na tsinkar zogale.
Na ajiye ganyen kainuwa a faifanta.
Hannun ya tsaya.
Ta ce, "Uwarki ta yi shekara goma goyon ba ya zama.
Daren da za a juye motar ƙasa ta ƙarshe
ta fita da ƙwarya, ba ta gaya wa kowa ba.
Ta dawo zaninta na ɗiga,
wata tara muka yi suna.
Ban tambaye ta ba har ta koma ga Mai Sama.
Abin da na ji tana faɗa a zafin naƙuda:
aro ne, sha shida, na yi rantsuwa."

Jibi zan cika sha shida.

Daren jiya na kunna fitilar waya,
na ɗora ƙafata a kan sawun farko.
Daidai, har ɗan yatsan da ya karkace.
Sai na lura da abin da ya wuce ni:
sawun duk shigowa suke, babu na fita.
To ina nake kwana?
Wa nake bari a katifa yana numfashi?
Wace ce ke sa hijabin makaranta da safe
tana tafe bakin titi babu inuwa?

Na dinga jiran Iya ta ce ƙurunƙus,
ta ce ƙarya ce, mu watse, mu kwanta.
Ta dai matsa min man kaɗanya a tafin ƙafa,
ta ɗaura zare daga idon sawuna zuwa nata,
ta ce, "Bashi hanji ne, na sani.
Amma in sun zo karɓa,
su fara ja da tsohuwa."

Yanzu ƙarfe biyu. An ɗauke wuta.
Zaren ya fara miƙewa,
kuma ban san ta wane ɓangare ake ja ba.